Wuni Guda A Gidan Abokinmu Mutumin Indiya

'Yan'uwa masu koyon karatu, yawancinku kun san sunan Indiya. Waɗansu sun ji waƙar Indiya a rediyo ko a waya. Waɗansu sun kalli wasan Indiya a talabijin. Amma kaɗan ne suka taɓa zama da mutumin Indiya suka ci abinci tare, suka tambaye shi labarin ƙasarsu. Mu Allah ya nufe mu da yin haka wata ranar Asabar a Kano. Za mu ba ku labarin abin da muka ci da abin da muka ji, don akwai amfani a ciki ga manomi da matarsa da 'ya'yansa.

Abokin namu malamin lissafi ne a wata makaranta. Ya daɗe a ƙasar nan har ya iya Hausa, ko da yake harshensa yakan karye a waɗansu kalmomi. Shi ya gayyace mu gidansa, mu biyu, dukanmu malaman yaƙi da jahilci. Kafin mu amsa sai da muka yi shawara. Muka ce, me za mu ci a gidan mutumin da ba addininmu ɗaya ba? Maimakon mu yi ta zato, sai muka tambaye shi. Ya yi murmushi, ya ce, "Malamai, ku kwantar da hankalinku. Nama ba ya shiga gidana, giya ma haka. Hatsi ne da wake da ganye da nono da man shanu." Da muka ji haka sai muka ce muna tafe. Matambayi ba ya ɓata.

Ina Indiya Take?

Bari mu fara gaya muku inda ƙasar take. Indiya tana gabas da mu. In ka wuce Makka, ka ƙetare ƙasar Larabawa, sai ka haye teku, sa'an nan ka iso ta. Babbar ƙasa ce ƙwarai. Mutanenta sun fi miliyan 1,400. A shekarar 2023 ta wuce ƙasar Sin, ta zama ta fi kowace ƙasa ta duniya yawan jama'a.

Turawan Ingila sun mulke ta kamar yadda suka mulke mu. Ta sami mulkin kai ran 15 ga Agusta 1947, watau shekara 13 kafin Nijeriya ta sami nata a 1960. A ƙidayar da aka yi a 2011, cikin kowane mutum 100, wajen 80 masu bin addinin Hindu ne, wajen 14 Musulmi ne, sauran Kirista ne da waɗansu. Musulmin ƙasar a lokacin sun fi miliyan 170. Masu bin addinin Hindu suna girmama saniya, ba su cin namanta. Da yawa daga cikinsu ba su cin kowane irin nama. Abokinmu yana cikin waɗannan.

Harsunansu suna da yawa. Dokar ƙasar ta lissafa manya guda 22. Na abokinmu shi ne Marati. Jiharsu ana kiranta Maharashtara, babban birninta Mumbai, wanda a da ake kira Bombay, aka sake masa suna a 1995.

Dawa A Cikin Wata Riga

Mun isa gidan da hantsi. Muka yi sallama, aka yi mana maraba, aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Aka kawo shayi da madara, an dafa shi da citta. Da muka sha, sai abokinmu ya ce wa uwargidansa ta fito da murhu waje don mu ga yadda ake yin abincin. Ta gaishe mu, ta zauna, ta jawo wata ƙwarya cike da gari.

Muka dubi garin, muka shinshina. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Malam, wannan ai garin dawa ne!"

Ya ce, "Shi ne. A kasuwarku na saye shi. Mu muna kiran dawa jowar, muna kiran gero bajra. Da su aka rene ni a ƙauyenmu."

Ga yadda ta yi. Ta tankaɗe garin ya yi laushi. Ta zuba ɗan gishiri. Ta riƙa zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan tana murzawa da hannu, har ya haɗe. Ta gutsura, ta mulmula kamar ƙwallon fura. Ta barbaɗa gari a faranti, ta ɗora, ta yi ta bugawa da tafin hannu tana juyawa, har ya baje ya yi faɗin ƙaramin faifai. Sai ta ɗora a kan kaskon ƙarfe mai zafi, ba mai ko ɗigo. Ta shafa ruwa a bayansa. Da ruwan ya bushe ta juya. Jim kaɗan ya kumbura, ƙanshi ya tashi. Ta sauke ta shafa masa man shanu. Sunan wannan abinci bakri. Ta ce na dawa ana cinsa kowane lokaci, na gero kuwa an fi cinsa da sanyi.

Muka tambayi abokinmu, "Yaya aka yi dawarmu ta je ƙasarku?" Abin da ya gaya mana ya yi daidai da abin da masana suka gano. Asalin dawa da gero a Afirka yake. An fara noman dawa a gabashin ƙasar Sudan. An fara noman gero a bakin hamada, wajen ƙasar da yau ake kira Mali. Matafiya na zamanin da, su ne suka ɗauki irin suka ƙetare teku da shi. Ya kai Indiya tun wajen shekara 4,000 da suka wuce. Wake ma irin namu da tamba haka suka bi. Yau ba ƙasar da ta kai Indiya noman gero a duniya. Kun ga, hatsin da kakanninmu suka fara shukawa shi ne ke ciyar da miliyoyin mutane a can.

Miyar Wake

Abu na biyu da ta dafa shi ne miyar da suke kira dal. Ita ce miyar kullum a yawancin gidajen Indiya, ta mai kuɗi da ta talaka. Da wake ake yinta. Suna da wake iri iri. Kowane iri sukan cire masa ɓawo su fasa shi biyu, don ya yi saurin nuna.

Ta wanke waken ta dafa shi da kurkum har ya narke ya yi kamar kunu. Ta zuba gishiri. Sai ta ɗauko abu biyu da suka ba mu dariya, don mun san su sarai, watau ruwan tsamiya da mazarƙwaila. Ta zuba kaɗan kaɗan. Daga nan ta ɗora wani ƙaramin kasko, ta zuba mai cokali biyu. Da ya yi zafi ta jefa waɗansu 'yan ƙwayoyi masu ƙanshi, suka yi ta tsalle suna fashewa. Ta bi su da tafarnuwa, sa'an nan barkono. Ba ta bari ya ƙone ba, ta juye shi duka a kan miyar, ya yi cuuu. Nan da nan gida ya ɗauki ƙanshi.

Muka ce, "Uwargida, me ya sa ba ki zuba kayan yajin gaba ɗaya ba?"

Ta ce, "Malam, kowanne da lokacinsa. Mai tauri shi ke fara shiga. Mai saurin ƙonewa shi ne na ƙarshe. In ka haɗa su lokaci guda, wani zai ƙone, wani bai nuna ba."

Kayan yajinsu yawanci mun san su. Akwai citta da kanumfari da kirfa da tafarnuwa da albasa. In sun haɗa su sun daka, sai su kira shi masala, kamar yadda muke cewa yaji. Tsamiya ma asalinta Afirka ne, amma ta daɗe a can har Larabawa suka sa mata suna tamar hindi, watau dabinon Indiya. Barkono kuwa baƙo ne gare su, kamar yadda yake baƙo gare mu. Asalinsa Amurka. Turawan Fotugal ne suka kai musu shi, bayan jirginsu ya fara isa Indiya a 1498. Kafin nan da wani irin baƙin masoro suke yaji, wanda ke fitowa a kudancin ƙasarsu.

Ta kuma soya kuɓewa. Ta wanke ta, ta goge ta da tsumma mai tsabta har ta bushe ƙarau, kana ta yanka ta soya da mai da albasa. Ba ta yi yauƙi ba ko kaɗan. Ta ce ruwa ne ke jawo yauƙi.

Aka kawo ruwa muka wanke hannu. Kowa aka ba shi babban faranti. A kai akwai bakri biyu, da 'yar shinkafa, da ƙananan kwanoni, ɗaya na dal, ɗaya na kuɓewa, ɗaya na kindirmo. Muka yi bisimilla. Da hannun dama suke ci, kamar mu. Akan gutsuri bakri a dangwali miya. Muka ci muka ƙoshi, muka yi hamdala. Duk abincin nan ba nama, amma ba wanda ya tashi da sauran yunwa.

Me Ya Sa Hatsi Da Wake?

To, a nan ne amfanin farko yake. Ku saurara da kyau.

Jikin mutum yana bukatar abinci iri biyu manya. Akwai mai ba da ƙarfin aiki, akwai mai gina jiki. Dawa da gero da shinkafa da masara suna ba da ƙarfi. Suna da abin gina jiki kuma, amma bai cika ba. Abin da ya rage musu, wake yana da shi. Abin da ya rage wa wake, hatsi yana da shi. In aka haɗa su, sai kowanne ya cika ɗan'uwansa. Kamar ginin ɗaki ne. Ƙasa kaɗai takan tsage. In an cuɗa ta da ramno sai ta riƙe.

Nama da kifi da ƙwai da nono suna gina jiki sosai. Amma ba kullum talaka ke samun nama ba. Mutanen Indiya da yawa ba su ci ma sam. Abin da ya riƙe su shi ne wake kullum tare da hatsi, da ɗan nono.

Mu ma muna da wannan haɗin tun kaka da kakanni. Ga koko da ƙosai. Ga shinkafa da wake. Ga ɗanwake da alale. Ga fura da nono. Ga miyar wake da miyar gyaɗa a kan tuwo. Laifinmu shi ne, da kaka sai mu kai waken duka kasuwa, mu bar yara da koko tsurarsa. Yaron da aka yaye, in ba ya samun abin gina jiki, sai ka ga ya daina girma. Gashinsa yakan yi ja, ƙafafunsa su kumbura. In kun ga haka, ku kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Amma rigakafi ya fi magani. Ku rage wake a rumbu saboda yara. A dafa shi ya narke kamar yadda uwargidan nan ta yi, a riƙa ba su tare da tuwo ko kunu.

Da Suka Raina Gero

Muna cikin hira bayan abinci, sai muka ce masa a ƙauyukanmu yanzu samari sun fi son shinkafa da burodi da taliya. Waɗansu suna jin kunya su ba baƙo tuwon dawa. Ya girgiza kai, ya ce su ma sun bi ta wannan hanya.

A 1965 da 1966 an yi fari a Indiya, abinci ya yi ƙaranci. Sai gwamnatinsu ta kawo sabon irin alkama da na shinkafa masu yawan amfani. Aka yi ta noman rani da taki. Abinci ya yawaita, aka kau da yunwa, wannan kuwa alheri ne babba. Amma sai mutane suka koma cin alkama da shinkafa. Suka ɗauki dawa da gero abincin matalauta. Noman su ya ragu.

Daga baya suka farga. Shinkafa tana shan ruwa da yawa. Gero kuwa yana yi a jigawa da ruwa kaɗan, yana jure fari. Ga shi kuma ya fi farar shinkafa abin da ke ƙara jini. Saboda haka gwamnatin Indiya ta kai magana gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, aka amince, aka sa wa 2023 suna shekarar gero da danginsa. Tun 1972 ma akwai wata babbar ma'aikatar bincike kusa da birnin Haidarabad, ana kiranta ICRISAT. Aikinta gyara irin dawa da gero da gyaɗa da waɗansu irin wake. Tana da reshe a Sadore kusa da Yamai, tana da ofis a Kano.

Ya ce, "Malamai, ku gaya wa ɗalibanku kada su jira sai sun yar da abinsu kafin su san darajarsa."

Azahar ta yi. Ya kawo mana buta da tabarma mai tsabta, ya nuna mana ɗakin da ba kowa. Muka yi salla.

Hirar Kiɗa

Da muka dawo sai ya ce, "Kun ci abincinmu, saura ku ji kiɗanmu." Ya kunna na'urarsa. Abu na farko da muka ji, sai muka ce, "Wannan ai algaita ce!" Ya yi dariya, ya ce su suna kiranta shahnai. Ana busa ta da ɗan kara a baki kamar tamu, ana kuma busa ta a wurin biki. Wanda ya fi kowa suna wajen busa ta shi ne Bismillah Khan, Musulmi ne mazaunin birnin Banaras. Shi aka kira ya yi busa a tsohuwar fadar sarakuna ta Delhi lokacin bikin mulkin kai a 1947. Ya rasu a 2006.

Na biyu shi ne sitar. Tana da dogon wuya, cikinta na duma ne, kamar gurmi ko garaya, sai dai ta fi su girma. Tsirkiyarta ta waya ce, sun kusa 20. Shida ko bakwai ake kaɗawa. Sauran suna ƙarƙashi, ba a taɓa su, su da kansu suke amsawa in an kaɗa na sama. Gwanin sitar da duniya ta sani shi ne Ravi Shankar. An haife shi a 1920, ya mutu a 2012. Shi mai bin addinin Hindu ne, amma malaminsa Allauddin Khan Musulmi ne. Ya yi shekaru a gidan malamin nan yana koyo, kamar almajiri.

Na uku shi ne tabla. Ganguna biyu ne ƙanana, ana ajiye su a ƙasa a buga da yatsu. Ta dama ta itace ce, ta hagu ta ƙarfe. Kowacce an manna mata wani baƙin abu kamar danƙo a kan fata. In makaɗi ya danna ta hagu da gindin tafinsa, sai muryarta ta hau ko ta sauka, kamar yadda mai kalangu ke matse kalangu a hammata. Kowane bugu yana da suna da ake faɗa da baki. Yaro sai ya iya faɗar kiɗan da baki kafin a bar shi ya buga.

Murya Bakwai Da Bugu Goma Sha Shida

Muka ce masa, "Malam, mu dai muna jin daɗi, amma ba mu gane kan abin ba." Shi kuwa malamin lissafi ne, sai ya ɗauko takarda.

Ya ce in mutum yana waƙa, muryarsa tana hawa tana sauka kamar mai taka tsani. Su sun ƙidaya matakan, sun sami manya guda 7, sun ba kowanne suna. Ga su: sa, re, ga, ma, pa, da, ni. Daga ni sai a koma sa ta sama. Duk waƙoƙinsu daga waɗannan suke fitowa. Ku da kuke koyon karatu za ku gane wannan da sauri. Wasula 5 ne kawai, a, e, i, o, u. Baƙaƙe ma ba su da yawa. Amma da su ake rubuta kowace magana ta Hausa.

In an zaɓi waɗansu matakai, aka sa musu dokar hawa da ta sauka, sai a kira wannan raga. Ba ragar kamun kifi ba, kalmarsu ce. Raga kamar turba take. Makaɗi yana da ikon ya yi sauri ko ya yi sannu, ya tsaya ko ya waiwaya, amma ba ya fita daga turbar. A arewacin Indiya kowace raga tana da lokacinta. Wadda ake kira Bairab ta asuba ce. Yaman ta bayan faɗuwar rana ce. Malhar ta damina ce. Uwargida tana jinmu daga inda take wanke kwanoni, sai ta ce, "Ai na gaya muku, kowanne da lokacinsa." Muka yi dariya.

Sa'an nan akwai awon bugu, suna kiransa tala. Wanda aka fi yi yana da bugu 16, an kasa shi kashi 4, kowane kashi bugu 4. Ya sa muka gwada. Ku ma ku gwada a aji. Ku ƙidaya daga 1 zuwa 16 da murya ɗaya. Ku tafa a kan 1, da 5, da 13. A kan 9 kada ku tafa, ku juya tafin hannu kawai. In kun kai 16 ku koma 1. Mai waƙa da mai ganga kowa yakan yi nasa yawo, amma dole su haɗu a kan 1.

Mutumin Da Ya Rubuta Kiɗa

A zamanin da, wannan ilmi duk a ka yake. Uba ya koya wa ɗa, malami ya koya wa almajiri. Akwai wani mawaƙi mai suna Tansen a fadar Sarki Akbar, wanda ya yi sarauta daga 1556 zuwa 1605. Har yau suna ambatonsa. Amma manyan makaɗa da yawa suna ɓoye abin da suka sani, ba su koya wa bare. In ɗayansu ya mutu ba magaji, sai waƙoƙinsa su bi shi.

Sai aka sami wani lauya a Bombay, sunansa Bhatkhande. An haife shi a 1860. Ya ga ilmin nan yana ɓacewa. Ya yi ta yawo gari gari yana zama wurin tsofaffin makaɗa, yana roƙonsu su rera masa. Ya ƙago alamomin rubuta murya da bugu. Ya rubuta abin da ya ji, ya kasa ire-iren raga gida 10, ya buga littattafai. Ya mutu a 1936. Saboda aikinsa, yau ɗan talaka yana iya shiga makaranta ya koyi abin da a da sai 'ya'yan gidan kiɗa.

Muka tambaye shi waƙoƙin wasan Indiya da aka saba ji a nan. Ya ce da yawa daga cikin tsofaffin an gina su a kan raga, an sauƙaƙa su don kowa ya iya bi. Ya kuma gaya mana abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda kuke gani yana waƙa a wasan, yawanci ba muryarsa ba ce. Baki kawai yake motsawa. Akwai mawaƙa daban da ake ɗaukar muryarsu tun da fari. Manyansu su ne Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980, da Lata Mangeshkar, wadda ta mutu a 2022. Mu kuma muka ba shi labarin yadda 'yan kasuwa mutanen Labanan suka fara kawo wasannin Indiya gidajen silima na Kano a shekarun 1950. Muka ce dattawanmu har yau suna tuna Mother India, wanda aka yi a 1957, labarin wata mata manomiya da bashi ya danne, ta yi ta fama har ta reni 'ya'yanta.

Tambayar Da Ya Yi Mana

La'asar ta gabato, sai ya ce, "To, Malamai, saura naku. Kiɗanku iri nawa ne?"

Muka fara lissafi. Kalangu na mahauta. Gangar noma ta manoma. Tambari da kakaki da algaita na sarakuna. Kotso da taushi na mawaƙan fada. Muka ba shi labarin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Muka ce kowane sarki da kowane gwani yana da takensa, ganga ta kira shi ya gane. Ya ji daɗi ƙwarai. Sai ya ce, "Na ƙauyenku fa? Waƙar niƙa da ta daka da ta gaɗa, wa ya rubuta su?"

Muka yi shiru. Gaskiya ne malaman jami'a sun rubuta da yawa daga waƙoƙin manyan makaɗa. Amma waƙar da tsohuwa ke yi a bakin dutsen niƙa, tun da injin niƙa ya shigo gari, wa ke yinta? In tsohuwar ta rasu, wa ya riƙe?

Muka yi sallar la'asar, muka yi godiya, muka yi sallama. Uwargida ta ƙunsa mana bakri huɗu mu kai gida. Mu kuma muka yi alkawari za mu kawo musu fura da nono da ƙosai.

Abin Da Za Mu Yi

'Yan'uwa, mun je gidan nan muna tsammanin za mu ga abin da ba mu taɓa gani ba. Sai muka tarar da dawa da wake da tsamiya da mazarƙwaila da algaita. Abin da suka fi mu shi ne sun san abinsu, sun ƙidaya shi, sun sa masa suna, sun rubuta shi. Ku kuwa yanzu kun fara riƙe alƙalami. Ga aiki huɗu.

Na ɗaya, kada ku sayar da wake duka da kaka. Ku rage na yara.

Na biyu, kada ku ji kunyar tuwon dawa da na gero a gaban baƙo.

Na uku, kowa ya je wurin wani tsoho ko tsohuwa a gidansu. Ya roƙe su waƙar aiki ɗaya, ko taken gidansu, ko yadda ake wani abinci na da. Ya rubuta a littafinsa, ko layi uku ne. Ya kawo aji, malami ya gyara masa.

Na huɗu, in Allah ya haɗa ku da baƙo na wata ƙasa ko wani addini, ku tambaye shi cikin ladabi abin da yake ci da abin da ba ya ci, ku gaya masa naku.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.

Tambayoyi

1. Da wane gari ake yin bakri?
2. Daga ina dawa da gero suka je Indiya?
3. Me ya sa ake haɗa hatsi da wake?
4. Matakan murya nawa mutanen Indiya suka ƙidaya?
5. Wane aiki Bhatkhande ya yi?
6. Rubuta sunan kayan kiɗa uku da ake da su a garinku.